Hannun Kaka da Igiyar Tatsa

Duk lokacin da na yi doguwar tafiya a mota, kafin in ci rabin hanya minjirya ta kama ni a hannu. Takan soma daga ƙaramin yatsa, ta bi na kusa da shi, sannan ta watsu cikin tafin hannu kamar an barbaɗa mini ƙananan ƙayoyi. Na taɓa kai kukana wurin wani lokotoro, wato likita, a Maraɗi. Ya zaunar da ni ya jero mini dalilai: damƙe sitiyari da ƙarfi, girgizar mota a kan gargada, jingina gwiwar hannu a bisa ƙofa tsawon sa'o'i, kafe wuya wuri guda ba motsi. Ya ce wani lokacin ciwon suga ne ke leƙowa, don haka ya sa aka duba jinina, aka ga lafiya lau. Na yi masa godiya. Amma ina fitowa na kama dariya ni kaɗai a bakin hanya, domin akwai dalili guda da na gani da idona, wanda na tabbata ba ya cikin takardunsa.

A shekarun babban fari ne. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na gama karatun malanta ina jiran a tura ni lakol, wato makarantar boko. Garinmu wani ƙauye ne yamma da Gidan Rumji. Mutanen gari sun riga sun fara kirana mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakol, ni kuma na riga na fara tafiya irin ta mushe, alƙalami a aljihun gaba ko da rijiya za ni. Mutum ɗaya ce ba ta ga wannan girman ba, kakata ta wajen uba. Mijin banza take ce mini tun ina rarrafe, kuma takardar da na samo ba ta rage komai daga sunan ba. Ni kuma ina ce mata amarya mai haƙori uku. Haka muke gaisawa kowace safiya, ranar da ba mu yi ba sai in ji kamar ban karya kumallo ba.

A gidanmu ba a soma shuka sai Kaka ta jefa ƙwayar farko da hannunta na dama. Maza su tsaya da sungumi, mata su tsaya da ƙoƙuna, har ta iso gona a hankali, ta yi bisimilla, ta tsinci iri da yatsu uku, ta zuba a ramin farko, ta take da diddige. Uwar mijinta ce ta bar mata wannan aiki, kuma tun da ta karɓa ba ta taɓa fashi ba. Ba wanda ya ce farilla ne. Amma babana, mutumin da ba ya jiran kowa, na taɓa ganin ya tsayar da gida gaba ɗaya a bakin gona har hantsi saboda Kaka na neman takalminta.

Irin hatsin ma namu ne na gida. Doguwar zangarniya ce mai gashi, tsuntsu ba ya son sauka a kanta, kuma tana nuna da wuri. Fari ya raba mu da shi daki-daki. Damina ta farko aka shuka sau biyu rana ta ƙone, ta biyu aka zuba ragowar ƙasa ta haɗiye. Da yunwa ta matsa, aka sauke 'yan zangarnun da ke rataye a rufin rumbu aka daka. Kaka ce ta daka su da kanta, ta ce ba za ta bar wani ya ɗauki wannan alhaki ba. Daga nan muka koma cin jar dawar taimako kamar kowa. Ana ta cewa za a raba iri daga buro, ofishin gwamnati, kafin ruwa ya sauka, amma Kaka ta ce ita ba ta san uban wannan irin ba, balle ta miƙa masa gonarta.

Sai labari ya zo ta bakin wani mai sayen fata a kasuwar Gidan Rumji. Shekaru da yawa akwai wasu Fulani da ke sauka a gonarmu da rani, shanunsu su ci kara su bar mana taki, mu ba su dammunan hatsi. Uwargidan rugar ƙawar Kaka ce ta ƙut da ƙut. Shekarar da suka tashi zuwa gabas ba su dawo ba, Kaka ta yi mata sallama da zangarniya uku daga cikin na iri, tana tsokanarta cewa ta san kafin su kai Tibiri an dama fura da su. To mai sayen fatar ya ce ya gan su kusa da Gangara. Shanu sun ƙare, sun zauna suna noma, kuma tsohuwar ta ce ya gaya wa ƙawarta hatsinta na nan da ransa.

Kaka ta gama cin goron da ke bakinta tukuna.

"Gobe in Allah ya kai mu, ni da mijin banza za mu Gangara," ta ce.

"Inna, ki bari shi tahi shi kaɗai," in ji babana. "Tahiyar da nisa, ga zahi."

"Da hannuna nib ba ta, da hannuna za ni amso. Wanga ko akuya anka ba shi riƙo, sai ya tsaya karanta mata takarda har ta tsere."

Zuwa ba ta ba mu wuya ba, in an cire zafi da ƙishirwa. Muka yada zango gidan wata 'yar uwa a Maraɗi, washegari muka samu mota har Gazawa. Daga nan muka bi 'yan kasuwa masu jakuna, aka ɗora Kaka a kan ɗaya, ta yi ta yi wa jakin faɗa har Gangara. Da tambaya muka isa wasu bukkoki uku a gefen gona. Wata tsohuwa siririya ta fito tana kare rana da hannu, ta daɗe tana duban mu.

"Ƙawa, kai ne?" ta ce, da Hausarta mai maida mace namiji. "Ka tsufa ƙwarai."

"Ke ma ba budurwa nig gani ba," in ji Kaka.

Suka riƙe juna suna dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Ni dai ina tsaye da ƙunshin kaya kamar an manta da ni a tasha. Tsohuwar ta kawo mana farau-farau tana ba da haƙuri cewa gidan da a da ake wanke hannu da nono yau ba ko ɗigo. Kaka ta shanye ta ce daman nononku ya fiye tsami. Sannan ƙawar ta shiga bukka ta fito da zangarnu masu gashi, an naɗe su cikin tsumma. Kaka ta karɓa ta shinshina, ta goga ɗaya a kumatunta. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi laushi haka ba, ko a ranar da aka haifi ƙanena.

Suka zauna suka murje su da hannu, ba su yarda turmi ya taɓa su ba. Abin da ya fito bai wuce rabin tiya ba. Suka ɗinke shi cikin 'yar jaka da suka yago daga tsohon zane. Da safe, kafin mu kama hanya, suka kore ni waje don a ɗaura wa Kaka jakar a jikinta. Da ta fito, ta lulluɓe da babban mayafi duk da zafin, ba ka ganin komai. Na ɗauka a ƙugu aka ɗaure mata, inda mata ke ɗaure lalita, ban tambaya ba.

A kan hanyar Gazawa ta ja ni kusa da jakinta.

"Ka rufe bakinka a mota. Ba ɓarawo nika tsoro ba. Mota cike da manoma, kowa rumbunai wayam. In mutum ya dube ni ya ce a sam mishi iri, da wane baki za ni hana shi? Ba a hana iri. Kuma in na soma ba da shi, da tsumma kaɗai za mu kai gida."

Na gane abin da take nufi. A wurinmu ana iya hana mutum tuwo a ce ya ƙare, amma wanda ya ga iri a hannunka ya roƙa, ka hana shi, za a yi ta faɗa da kai har jikokinka. Mafita ɗaya ce, kada a gani.

A Gazawa muka samu wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa yamma, ta yi lodin fatun shanu, domin a shekarun nan fata ce kaɗai ta yi yawa. Mutane suka hau bisa fatun. Warin kuwa sai wanda ya shaƙa. Kusa da mu akwai wata mata mai daddawa, mai yawan magana da son mutane, da wani tsohon soja mai gashin baki. Can baya wani Bafillace dattijo ya ƙi zama a kan fatun, ya tsuguna bisa tayar ajiya da sandarsa a kafaɗa.

Hanya a lokacin gargada ce zalla. Motar ta ɗaga mu ta buga, ta sake ɗagawa ta buga, har haƙora na haɗuwa. Da farko Kaka tana cikin nishaɗi. Ta tambayi mai daddawa ko tana son miji mai alƙalami, kyauta za ta ba da shi. Ta ce da tsohon soja gashin bakinsa ya isa share masussuka. Amma bayan mun wuce Agye, inda wani jandarma ya leƙo, wari ya kore shi, sai na lura ta yi shiru. Shirun Kaka ba ƙaramin abu ba ne, ko a salla sai ka ga leɓenta na neman abin faɗa.

"Miji," ta ce a hankali, "taɓa hannun nan."

Ba ta taɓa cire banza daga sunana ba sai ranar. Hannunta na dama na kwance bisa cinyarta kamar ba nata ba. Na taɓa, na ji shi da sanyi a cikin wannan zafin, ya ɗan kumbura, farcen sun yi duhu.

"Tun Gazawa minjirya tak kama shi," ta ce. "Nic ce za ta wuce. Yanzu ita ma ta tahi, ba ni jin komi."

Na san inda hankalinta ya nufa. Kakana, mijinta, haka nasa ya soma. Wata safiya ya ce ba ya jin hannunsa, kafin azahar ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara biyu a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Kaka ce ta yi jinyarsa, ta san ciwon ciki da waje.

"Ka saurara," ta ce, bakinta kusa da kunnena. "In ya mutu, kada ku ba wata ta jefa. Ku kai ni gona ko a bisa jaki. Ka sa mini iri tsakanin yatsu, ka riƙe wuyan hannuna ka girgiza bisa ramen. Hannuna ne dai, ko ba shi da rai."

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, sai na zaɓi abin da na fi iyawa, na fara koyarwa. Na gaya mata zuciya kamar famfo take, jini na bin hanyoyi kamar ruwa a cikin tiyo, in hannu ya daɗe wuri guda sai jinin ya yi nawa. Na ce ta ɗaga hannun sama ta girgiza. Ta ce ba za ta ɗaga ba. Na ce don me, ta harare ni. Muryata ta mushe kuwa ta riga ta jawo hankalin mota duka.

Tsohon soja ya ce girgizar mota ce. Ya ce a zamaninsu in an kwashe su a manyan motoci, sukan sauka ba mai iya riƙe bindiga sai ya bubbuga hannu a gwiwa. Ya nuna yadda ake yi, ya buga har ya ji zafi. Mai daddawa ta ce ba wata girgiza, jar dawa ce, ta tsotse wa mutane jini, kuma ita ma yatsunta na yin haka in ta wuni ba ta ci ba. Ta ciro ɗan man gyaɗa ta kama mulke hannun tana addu'a. Wani daga gaba ya ce iskar hanya ce, akwai wata tsamiya da muka wuce ba mu yi sallama ba. Kowa da nasa, kuma kowa da gaske yake. Hannun dai bai motsa ba, Kaka ta runtse ido tana salati.

Allah ya sa ruwan motar ya tafasa. Direba ya ratse ƙarƙashin wani gawo, kowa ya sauka, ni da mai daddawa muka sauko da Kaka muka zaunar da ita a inuwa. Direban ya zo ya duba. Ya ce shi kullum da wannan yake kwana yake tashi, sitiyari ke sa shi, kuma maganinsa a miƙe hannu sama a buɗe hamata iska ta shiga. Kaka ta ƙara manne damtsenta da jikinta.

A nan ne dattijon Bafillacen ya matso. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya dogara da sandarsa, yana kallon wuyan Kaka inda mayafi ya ɗan zame.

"Inna," ya ce, "wa ya ɗaure ka?"

Kaka ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Na ga jelar igiya. Igiyar tatsa ce, ta gashin wutsiya. Wanda ya ɗaure ya iya." Ya juyo gare ni. "Da ita muke ɗaure ƙafar nagge in za a tatsa. Nagge ta yi harbi, igiya ta ƙara kamawa. Ta sake, ta ƙara. Motar nan tun safe take harbi."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ba a ƙugu jakar take ba, a hamata take. Ƙawar Kaka ta ɗauko abin da ya fi mata daraja cikin abin da shanu suka bar mata, igiyar da take tatsar saniyarta, ta zarga ta a damtsen Kaka da kafaɗarta da ƙullin da ta fi amincewa da shi, wanda ba ya kwancewa da kansa. Kaka kuma ita ta zaɓi dama, don a ganinta ba a ba hagu riƙon iri. Kowane rami da muka faɗa tun daga kan jaki, nauyin hatsin na ja, igiyar na ƙara shaƙe hannun. Ni kuwa na yi rabin awa ina bayanin tiyo, ban taɓa tambayar ko wani ya taka tiyon ba. Kunya ta rufe ni.

"A bar ta," in ji Kaka. "In mun kai gida a kwance."

"Gida sai la'asar sakaliya, Inna, in ruwan mota ya yarda," in ji direba.

"Ko nagge ba a bari haka ta kai azahar," in ji dattijon.

Mutane sun kewaye mu, kowa na jira. Kaka ta dube su ɗaya bayan ɗaya, manoma ne masu busassun wuyaye, kuma ta san me zai faɗo in aka kwance. Na durƙusa kusa da ita na rage murya.

"Kaka, ko iri ya kai gida cif, in ba hannun da za ya jefa shi, mi munka yi?"



"Yau ka yi magana kamar mutum," ta ce. "Ku kwance."

Mai daddawa ta sa hannu ƙarƙashin mayafin ta fito da bakin igiyar a kan kafaɗa. Jela biyu gare ta. Ni da nake neman maido da mutuncina, na yi wuf na ja ɗaya. Ba ita ba ce. Kaka ta yi ƙara, ta ambaci kakannina na wajen uwa da abin da ba zan rubuta ba. Dattijon ya ce, "Gafara, Inna," ya yi bisimilla, ya sa yatsu biyu ya ja ɗayar a hankali. Ƙullin ya warware kamar daman jiransa yake. Jakar ta zame ta faɗo ƙasa da wannan 'yar ƙarar da duk wanda ya taɓa riƙe ƙoƙon shuka ya san ta. Ɗinkin ya ɗan buɗe, ƙwayoyi suka zubo a kan yashi.

Na ga idon tsohon soja ya sauka a kan hatsin. Sai ya juya baya, ya ɗaga kai gabas, ya ce kamar akwai ɗan gajimare can ƙasa. Babu ko ɗaya. Wani ya ce lalle shi ma ya gani. Mai daddawa ta tuna tana neman wani abu a ƙasan kwandonta. Direba ya koma wurin injinsa. Ɗaya bayan ɗaya duk suka ba mu baya, suna muhawara a kan gajimaren da babu shi. Sun san in ɗayansu ya buɗe baki ba za ta iya hana shi ba, don haka ba wanda ya buɗe. Na yi shekaru ina koyar da yara ladabi a lakol, ban taɓa samun misalin da ya kai wannan ba.

Ina durƙushe ina tsince ƙwayoyin da suka zube, ina zuba su a aljihun alƙalami, sai na ji Kaka ta ja numfashi ta haƙora.

"Ta dawo," ta ce.

"Wa?"

"Minjirya. Wayyo, ta dawo da danginta duka."

Tana yarfe hannun, hawaye na zuba, tana dariya da haƙoranta uku a waje. Ta ce kamar an tura shi cikin gidan tururuwa. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da zafi haka ba. Babban yatsa ya motsa, manuni ya bi, na tsakiya ya bi. Ni ma na samu kaina ina dariya, hancina na yoyo, mushe guda a gaban jama'a.

Da zafin ya lafa, ta ɗaga kai ta ga bayan mutane. Ta daɗe tana kallon su. Sai ta jawo jakar, ta ƙara buɗe ɗinkin da haƙori, ta sa yatsu uku. Tsintar farko ta zube mata. Ta biyu ta tsaya.

"Kai mai igiya, miƙo hannunka."

"Inna, ni ban taɓa noma ba," in ji dattijon.

"Ƙawata ma ba ta taɓa ba. Ka jira ruwa ya jiƙa ƙasa kamar tsawon tahin hannunka. Ka sara, ka zuba kaɗan, ka taka da diddige, kada ka danne kamar kana kashe kunama."

Ta zuba masa tsinta uku, ya ƙulle a bakin rawaninsa. Sannan ta kira tsohon soja, ta ce ya bar gajimaren haka nan kada ya kore shi da gashin baki. Ta kira mai daddawa. Ta kira mai maganar tsamiya. Kowa ya zo yana sunkuyar da kai, ya tara hannu biyu, ya ƙulle nasa a gefen riga ko bakin zane. Direba ya ce na uwarsa ne, ya sa a cikin kwalin ashana. Ina ganin jakar na ramewa, na matsa na ce mata a kunne, ba ke kika ce in rufe bakina ba?

"Ban ba kowa komi ba," ta ce. "Hannuna nika gwadawa."

Dattijon yana nan riƙe da igiyar, yana murza ta tsakanin yatsunsa. Ya kai ta hancinsa sau ɗaya, ya yi saurin saukewa. Da ya miƙo wa Kaka, ta ture hannunsa ta ce ya riƙe, saniya na zuwa, kada ta same shi ba igiya.

Sauran tafiyar ban san yadda ta wuce ba. Jakar na bisa cinyar Kaka a fili, ba mai kallon ta. Duk ramin da muka faɗa sai wani ya ce nagge ta yi harbi, mota ta kwashe da dariya, har dattijon ya yi murmushi. Tsohon soja ya tsaya kai da fata cewa duk da haka girgiza ce sanadi, tun da ba don ita ba igiyar ba za ta matse ba, kuma ba wanda ya iya kayar da shi. Mutane suka yi ta sauka, wasu a Cadawa, wasu a Maraɗi, wasu a Tibiri. Ban sake ganin ko ɗayansu ba. Amma har yau in na bi hanyar nan da kaka na hango zangarniya mai gashi a wata gona, nakan rage gudu in duba ta da kyau, ko da yake na san ba mu kaɗai ke da irin wannan hatsi ba.

Mun isa gida da abin da bai kai biyu bisa ukun jakar ba, har da na aljihuna. Babana ya auna ta a tafinsa, ya ji labari, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi uwarsa, ya rufe. Aka yanke shawara ba za a kai shi babbar gona ba. Za a shuka shi a bayan gida inda garken awaki yake a da, ƙasar ta sha taki, a yi ta gadinsa har ya ba da irin baɗi. Ƙananan yatsun Kaka biyu sun yi makonni ba su farfaɗo sosai ba. Ta ce ba komai, daman su ba su taɓa shuka ba, 'yan rakiya ne kamar mijin banza.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Laraba da rana tsaka, irin wanda muka manta ƙamshinsa. Washegari da sassafe gida duka ya fito bayan gida. Babana ya ɗaga sungumi ya sara ramin farko, ya ja da baya. Aka tsaya ana jira. Kaka ta fito daga ɗakinta a hankali, ta tsaya gyara ɗankwali, ta tsaya korar kaza, sannan ta iso da ƙoƙonta a hagu.

Shaiɗan ya zuga ni. Na matsa gabanta da ladabi na miƙa hannu, na ce, "Amarya, kawo wuyan hannun in girgiza miki, kamar yadda kika bar wasiyya."

Ban ga tasowarsa ba. Na dai ji shi a kumatuna, yatsu biyar cif, har da 'yan rakiyar. Mata suka fashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa.

"Ka ji ko yana da rai, mijin banza?" ta ce.

Sannan ta sunkuya, ta yi bisimilla, ta sa yatsu uku a ƙoƙo, ta zuba a ramin, ta take da diddige. Ta miƙe ta ce, "Ku shiga." Babana ya goge fuskarsa da hannun riga ya ce zufa ce, alhali rana ko fitowa ba ta gama yi ba. Na ɗauki sungumina na bi bayansa. Kumatuna ya yi ta zogi har muka kai ƙarshen layi, kuma ban so ya daina ba.